Alhaji Abubakar Imam

An haifi Abubakar Imam a Kagara cikin 1911. Malamin makaranta ne, irin aikin da mu ke shirin kamawa. Yana koyarwa a Midil ta Katsina aka sa gasar rubuta littattafan Hausa cikin 1933, ya aika da Ruwan Bagaja yana ɗan shekara 22, aka kuwa buga shi.

Cikin 1936 Dokta East ya kira shi Zariya, ya tara masa littattafan Larabawa da na Indiya da na Turawa. Mai son fara rubutu ya lura da abin da ya yi da su. Ya karanta sosai, ya ɗauki ƙashin labari, ya tufatar da shi da bakin Hausawa, har mai karanta Magana Jari Ce ba ya jin baƙunci ko kaɗan. Ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo cikin 1939, ya rasu cikin 1981.