Nana Asma'u 'yar Shehu: malamar da karatunta ya isa inda ƙafarta ba ta taka ba

Daga Mai Wurno har zuwa nan Rusairis, da wuya ka shiga gidan Bahaushe ko Bafulatani a gaɓar Nil Azrak ka tarar ba a san sunan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ba. Amma in ka tambayi yara wace ce Nana Asma'u, sai ka ga suna kallon juna. Yau tarihinta nake so in kawo mana, kuma ina da dalili.

Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, karatu da yawa a Sudan ya koma cikin waya. 'Yan matanmu da ke koyon aikin jinya da ungozoma sun koma karɓar darasi ta WhatsApp da Telegram: malama tana wani gari ko wata ƙasa, ɗaliba tana tsakar gida tana jiran shabaka ta dawo. Ni malamin makaranta ne, alli da allo na sani, don haka tambayar ta dame ni: me ya wajaba a kan malamin da ke shirya darasi don ɗalibin da ba ya gani, alhali ɗalibin nan gobe ran mutum za a damƙa masa? Ashe kusan shekara 200 da suka wuce wata mata a Sakkwato ta fuskanci irin wannan tambaya, ta kuma amsa ta da aiki.

An haifi Nana Asma'u a Degel wajen shekarar 1793. Tagwaye ne ita da ɗan uwanta Hassan. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun tana ƙarama, sai sauran matan Shehu suka riƙe ta. Gidan gida ne na karatu, maza da mata, kuma Shehu ya sha sukar malaman da ke karantar da almajiran waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. A nan ta haddace Alƙur'ani, ta yi fiƙihu da tauhidi, ta iya Larabci da Fulatanci da Hausa, har da yaren Buzaye.

Tana da shekara goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. Ke nan ita ma ta san abin da 'ya'yanmu suka sani yau: barin gida ba shiri, yunwa, ciwo a hanya, binne na kusa. Ko a wannan hali jama'ar Shehu ba su yar da littattafansu ba, sun ɗauke su duk inda suka nufa. An aurar da ita ga Gidaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin ɗan uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma ɗansu Abdulƙadir shi ma ya riƙe wazirci daga baya. Bayan rasuwar Shehu a 1817, tana cikin waɗanda suka tsaya kan tattarawa da adana rubuce-rubucensa.

Da ƙura ta lafa, sai babbar matsala ta bayyana. Ƙauyuka cike suke da mata, wasu zawarawan yaƙi, wasu an kawo su daga ƙasar Gobir da sauran wurare, ba su iya karatu ba, ba sa jin Larabci. In ciwo ya zo ko haihuwa ta yi gardama, wajen 'yan bori aka saba zuwa, don su ne a kusa. Matar aure mai goyo ba za ta bar gida ta yi tafiyar kwana biyu zuwa Sakkwato neman ilimi ba. Ita kuma Nana ba za ta iya zagaye ƙauyukan duka ba. To, ya za a yi?

Abin da ta yi shi ne ta mayar da darasi waƙa. Waƙa ba ta bukatar takarda, tana shiga kai ta zauna, mace na daka ko kaɗi tana maimaita ta. Sannan ta zaɓi dattawan mata amintattu daga garuruwa, ta naɗa kowace a matsayin jaji, ta ɗora mata malfa da jan rawani. Wannan alama mutanen Gobir sun riga sun san ta a kan Inna, shugabar bori, don haka duk wanda ya ga jaji ya san mai iko ce, sai dai ikon yanzu na ilimi ne. Jaji kan taho da ayarin 'yan mata da tsofaffi, waɗanda hidimar gida ba ta ɗaure su ba, su zauna gaban Nana su karɓi waƙa da bayaninta, su koma su shiga gida gida suna koyar da matan aure. Su ne ake kira 'Yan Taru, ita kuma ake mata laƙabi da Uwar Daje.

Duk wanda ke shirya darasin jinya a waya yau, ya kamata ya tsaya ya dubi yadda take gina darasinta.

Na farko, tana duba wanda zai karɓa kafin ta zaɓi harshe. Ga malamai ta yi da Larabci, ga danginta da Fulatanci, ga jama'ar ƙauye da Hausa. Aiki ɗaya ma takan fitar da shi a harshe fiye da ɗaya, kuma ta mayar da waƙar mahaifinta zuwa Hausa, wadda aka sani da Tabbat Haƙiƙa. Mu nan ɗaliba na karanta darasin jinya da Larabci gauraye da kalmomin Turanci, amma tsohuwar da za ta yi wa bayanin magani a ƙauye Hausa kaɗai take ji. Malamar da ta ƙara minti biyu tana nuna yadda za a faɗi abin da bakin gida, ta rage rabin wahala.

Na biyu, tana taƙaitawa ba tare da ta zubar da komai ba. Sunayen surorin Alƙur'ani 114 ta jera su cikin waƙa guda ta baitoci kusan talatin, yadda mai koyo zai riƙe su duka. A garin da ke da madatsar ruwa mai ba ƙasa lantarki amma wuta na ɗaukewa, bidiyon awa guda bai da amfani ga yarinyar da cajinta ya rage kaɗan. Saƙon murya na minti biyar da aka tsara da kyau ya fi shi kai wa ga buƙata.

Na uku, ba ta faɗin abin da ba ta da tushensa. Littafinta Tabshirul Ikhwan, wanda ta rubuta da Larabci a 1839, ya tattara abin da ya zo na neman waraka da surorin Alƙur'ani, ga ciwon kai, da naƙuda, da damuwar zuciya, kuma ta jingina shi ga littattafan magabata. Ɗan uwanta Bello shi ma ya yi rubutu kan magunguna, har da na basur da na ido. Gidan ba su ɗauki kula da mara lafiya abin wasa ba. Darasin da ya bar hannun malami yana yawo shi kaɗai, ba mai bin sa ya gyara. Ga misali: tun da kwalara ta bazu a ƙasar nan a 2024, kowa na tura bayanin haɗa ruwan gishiri da sukari. Ƙa'idar ita ce ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. In malama ta yi tuntuɓen harshe ta juya su, saƙon zai shiga waya ɗari kafin magariba, kuma yaro ne zai sha. Don haka a saurari abin da aka naɗa kafin a tura, a sa wani masani ya sake ji, a rubuta suna da kwanan wata. Nana kanta takan rufe waƙoƙinta da shekarar da ta yi su.

Na huɗu, kuma shi ne babba, ba ta taɓa sakin waƙa ta tafi ita kaɗai ba. Kullum akwai jaji a tare da ita, mutum mai rai da zai gyara kuskure, ya amsa tambaya, ya dawo wa Nana da labarin abin da ya gani. Aikin jinya kuwa aikin hannu ne. Neman jijiya, auna hawan jini, juya mara lafiya, gane numfashin jariri ya canza, ba wanda zai ƙware a kansu ta kallon waya. Ko a nan Sudan, makarantar ungozoma da aka buɗe a Omdurman a 1921 ƙarƙashin Mabel Wolff ta yaye mata da ba su iya karatu ba, suna gane magani ta kamanni da ƙanshi da ɗanɗano, don an zauna da su an riƙe hannunsu. Duk mai shirya darasin jinya daga nesa, wajibi ne ya tambayi kansa: wace ce jajina a Rusairis, wace ce a Damazin? Wace tsohuwar ma'aikaciyar asibiti ce za ta tsaya kan yarinyar nan ranar da za ta fara yin allura?

Wani abu da ke taɓa ni a tarihinta shi ne waɗanda ta zaɓa ta yi wa makoki a waƙa. Ta yi wa Bello bayan rasuwarsa a Wurno a 1837, ta yi wa mijinta Gidaɗo. Amma ta kuma yi wa matan da ba su da sarauta: Hauwa'u, jajin da ta daɗe tana kawo mata ɗalibai, da Halima maƙwabciyarta, da Zaharatu, wadda ta yaba da zama wajen masu naƙuda da wankan gawa. 'Yar Shehu guda ta ɗauki alƙalami don ungozoma. Wannan kaɗai amsa ce ga iyayen da har yau ke ganin aikin jinya bai dace da 'yar mutunci ba.

Nana Asma'u ta rasu a 1864, aka binne ta kusa da mahaifinta a Hubbare, cikin Sakkwato. Ta bar ayyuka fiye da 60. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru, kuma tsarin bai mutu da zuwan Turawa ba. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a zuwa gabas har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Ke nan tarihin Nana ba na wasu can nesa ba ne, gadon gidanmu ne.

Roƙona ga malamanmu na jinya, na cikin ƙasa da waɗanda yaƙi ya kai Masar ko Saudiyya: ku ci gaba da turo darasi, muna godiya, amma ku gajarta, ku tabbatar, ku nemo wa kowane rukunin ɗalibai wadda za ta tsaya a kansu. Iyaye kuma a bar wa yarinya wayar a lokacin darasi, a bar ta ta je asibiti koyon aiki. Allah ya jiƙan Nana Asma'u da jajojinta, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kawo mana ƙarshen wannan fitina. Amin.