Harlan, alƙalin da ya tsaya shi kaɗai

An haifi Jon Harlan a shekara ta 1833, a jihar Kentaki ta ƙasar Amurka. Ubansa lauya ne, kuma suna da bayi baƙar fata a gidansu. Jon ya tashi yana ganin bauta ba laifi ba ce. Ya yi karatun shari'a, ya zama alƙali a yankinsu a 1858.

A 1861 yaƙi ya ɓarke tsakanin arewaci da kudancin Amurka. Harlan ya shiga sojan arewa don kada ƙasa ta rabu. Amma da aka kawo dokar ƴanta dukan bayi a 1865, sai ya ƙi ta.

Bayan yaƙi, ya ga yadda waɗansu fararen fata suke dukan ƴantattun bayi, har suna kashe su. Abin ya dame shi ƙwarai. Ya sake ra'ayi, ya fito gaban jama'a ya amsa kuskurensa. Sau biyu yana neman zama gwamnan Kentaki, a 1871 da 1875, bai samu ba. A 1877 shugaban ƙasa ya naɗa shi alƙali a Kotun Ƙoli, wadda babu wata kotu bisa gare ta.

A jihar Luwiziyana akwai wata doka da ta raba fari da baƙi cikin jirgin ƙasa, kowa da taragonsa. A 1892 wani mutum mai suna Homa Filesi ya zauna a taragon farare, aka kama shi. Magana ta kai Kotun Ƙoli a 1896. Alƙalai takwas suka zauna. Bakwai suka ce dokar daidai take. Harlan kaɗai ya ƙi. Ya rubuta cewa babbar dokar ƙasa ba ta duban launin fata, ƴan ƙasa duka ɗaya suke a gabanta. Ba a bi maganarsa ba.

Harlan ya rasu a 1911, bayan shekara kusan 34 a kotun. A 1954 kotun nan ta hana raba yara fari da baƙi a makarantun gwamnati. Sannan mutane suka tuna da shi. Ƙarya fure take, ba ta ƴaƴa.

Tambayoyi
1. Mi ya sa Harlan ya sake ra'ayi?
2. Don mi aka kama Filesi?