Mai Idirisa Alauma, Sarkin Barno

1. Barno da ƙasar Arewa

A Dogon Dutsi da Matankari, in tsofaffi suka zauna ba da labarin asalin sarautar Arewa, sai an ji sunan Barno. Sukan ce wani ɗan sarkin Barno, mai suna Ari, ya zo daga gabas tare da mayaƙa. Ya iske Gubawa, su ne masu ƙasa. Ya auri ɗiyar Baura, ta haifa masa ɗa, aka sa masa suna Akazama. Akazama shi ne sarkin Arewa na farko. An ce daga sunan Ari aka samo sunan Arawa.

Barno babbar daula ce ta gefen tabkin Cadi. Sarkinta ana ce masa Mai. Hausawa sun daɗe suna cuɗanya da Barebari, har sun ari kalmomi daga bakinsu. Galadima, da Ciroma, da Yarima, duk sunayen sarautun Barno ne. Cikin sarakunan Barno duka, ba wanda ya kai Mai Idirisa Alauma suna. Ya yi mulki daga wajen shekara ta 1564 zuwa wajen 1596.

2. Asalinsa

Idirisa ɗan gidan Saifawa ne. Da can Saifawa suna mulki a Kanem, gabas da tabkin Cadi. Wasu mutane da ake kira Bulala suka matsa musu da yaƙi, har suka bar Kanem wajen ƙarshen ƙarni na 14. Suka dawo yamma da tabki. Wajen shekara ta 1470, Mai Ali Gaji ya gina sabon birni kusa da kogin Komadugu, aka sa masa suna Gazargamu. Kufansa yana cikin Najeriya, ba nisa da iyakar jihar Difa.

Sunan mahaifin Idirisa Mai Ali. Sunan mahaifiyarsa Amsa, ita kuwa ɗiyar sarkin Bulala ce. Ashe ke nan jinin gidaje biyu masu gaba da juna ya gamu a jikinsa. Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami. Sarauta ta koma hannun wasu danginsa. Ya tashi maraya, uwarsa tana tsaronsa, har ya girma ya hau gadon ubansa.

Babban limamin Gazargamu, Ahmadu ɗan Fartuwa, yakan bi Mai Idirisa har fagen yaƙi. Ya rubuta littattafai biyu da Larabci a kansa, ɗaya a 1576, ɗaya a 1578. Daga cikinsu aka san yawancin ayyukansa. Amma liman mutumin sarki ne. Abin yabo ya fi yawa a rubutunsa.

3. Halin da ya iske ƙasa

Sa'ad da Idirisa ya hau sarauta, Barno ba ta zaune lafiya. Mutanen Sau suna da garuruwa masu ganuwa kusa da Gazargamu kanta, ba su bin Mai. Ngizim suna tare hanya a yamma. Buzayen Azbin suna kawo hari daga hamada. Bulala kuma suna nan riƙe da Kanem.

Arzikin Barno kuwa yana bisa hanya guda. Hanyar ta tashi daga bakin tabkin Cadi, ta bi ta Bilma da Kawar, ta ratsa Fazan, ta ƙare a Turabulus, bakin bahar. Tsawonta ya fi kilomita 2000. Ta nan ayari ke kawo dawaki, da tufafi, da takarda, da makamai. Ta nan kuma alhazai da yawa ke bi zuwa Masar da Makka. In hanyar ta toshe, Barno ta shiga uku.

Idirisa ya tafi aikin haji cikin shekarun farko na mulkinsa. Ya ga ƙasashen da ke hannun Turkawa, ya ga ƙarfinsu. A Makka ya tanadi masauki domin alhazan Barno.

4. Sabon shirin yaƙi

Mai Idirisa ya samu ƴan bindiga Turkawa, ya ɗauke su aiki. Suka koya wa bayin fada harbi. Bindigar wancan zamani tana da wuyar ɗuri, sai an zuba albarushi an tura harsashi ta baki. Duk da haka ƙararta da hayaƙinta suna firgita dawaki da mutanen da ba su saba da ita ba. Da ita aka ci birnin Amsaka, wanda ya gagari sarakunan da suka riga shi.

Ya sa raƙuma cikin runduna domin yaƙin hamada da ɗaukar guzuri. Ya sa aka sassaƙa manyan jirage. Da can, sai runduna ta yi kwanaki tana ƙetare kogi cikin ƙananan kwalekwale. Yanzu sai ta haye cikin ɗan lokaci.

Yana da wata dabara kuma. Yakan gina sansani kusa da garin abokan gaba, ya zuba dakaru su zauna. Da damina su sare hatsi, da rani su sare itatuwa, har yunwa ta sa mutanen garin su sallama. Haka ya yi wa Sau a Damasak. Ya kai yaƙi ƙasar Kano, ya rushe garuruwa da dama, amma bai ci birnin ba. Ya kori Buzaye zuwa cikin hamada. Ya ƙarfafa ikon Barno a Kawar, inda gishirin Bilma yake. Bayan yaƙe-yaƙe da yawa a Kanem, ya yi sulhu da Bulala, dangin uwarsa, aka shata iyaka tsakaninsu.

5. Zumunci da Santambul

A shekara ta 1551 Turkawa suka kama Turabulus. Bayan shekara ashirin da ƴan kai suka miƙo ƙafa har Fazan. Ƙofar hanyar Barno ta faɗa hannunsu. Daularsu kuwa tana cikin mafi ƙarfi a duniya a wancan zamani. Masar, da Makka, da Madina duk suna ƙarƙashinta.

Mai Idirisa bai ɗaura yaƙi da su ba. Sai ya aiki manzo, Alhaji Yusufu, zuwa Santambul, wurin Sarkin Turkawa Muradu na Uku. Ya nemi a tsare fataken Barno da alhazanta a kan hanya. Ya nemi kuma a bar masa wata kagara da Turkawa suka mamaye a wajen Fazan.

Amsa ta fito a shekara ta 1577. Muradu ya yarda da zumunci. Ya aika wa hakimansa na Masar da Turabulus da Fazan, ya umarce su kada a taɓa matafiyan Barno. Amma kagara, ya ce ba ya bayarwa. Mai Idirisa ya samu rabin abin da ya nema. Ya gane babban aboki yakan ba da abin da ba ya rage shi da kome, ya riƙe abin da ke da amfani gare shi.

6. Zumunci da Maroko

Akwai wani sarki mai ƙarfi a yamma, wanda ba ya ƙarƙashin Turkawa. Shi ne Ahmadu Almansur na Maroko. Ya hau sarauta a 1578, ranar da mayaƙan Maroko suka karya rundunar Fotugal. Yana da bindigogi da igwa da yawa.

Wajen 1582, Mai Idirisa ya aika masa manzo a Marrakish, yana neman bindigogi da mayaƙa. Almansur ya kafa sharaɗi. Sai Barno ta yi masa mubaya'a, ta yarda shi ne shugaban Musulmi duka. Marubucin fadar Maroko, Alfishtali, ya rubuta cewa manzon ya karɓi sharaɗin, an kuma rubuta takardar mubaya'a. Amma Marrakish tana da nisa ƙwarai. Mai ya ci gaba da mulkin ƙasarsa yadda ya saba.

Ba a daɗe ba aka ga abin da Almansur ke nufi da ƙasashen baƙar fata. Zinariya yake so, da gishirin hamada. A ƙarshen 1590 ya tura mayaƙa wajen 4000, da wani jarumi Judar a gabansu. Suka ratsa hamada. A 1591 suka gamu da rundunar Askiya Isiyaku na Biyu a Tondibi, kusa da Gawo. Mayaƙan Songai sun fi yawa nesa ba kusa ba, amma da mashi da baka suka fito. Bindiga ta watsa su. Gawo da Tumbutu suka faɗi. Sauran gidan Askiya suka gangaro Dandi, kudu maso yamma da ƙasar Arewa. Babbar daular Songai ta rushe, Barno kuwa tana nan tsaye.

7. Gyaran cikin gida

Mai Idirisa bai dogara ga abokan nesa kaɗai ba. Ya san kowa ya dogara ga tuwon maƙwabci, wata rana da yunwa zai kwana. Saboda haka ya mai da hankali ga zaman talakawansa.

Na farko, shari'a. Da can hakimai da masu sarauta ke yanke hukunci. Mai ƙarfi yakan danne marar ƙarfi. Idirisa ya karɓe shari'a daga hannunsu, ya danƙa ta ga alƙalai masu ilmi. Ya ce da littafi za a yi hukunci, ba da son rai ba.

Na biyu, awo. Kowane mai sayar da hatsi yana da mudunsa. Wani babba, wani ƙarami. Mai saye bai san abin da ya saya ba, rigima ba ta ƙarewa a kasuwa. Mai ya sa aka daidaita ma'aunin hatsi. Duk wanda ya taɓa zuwa sayen tiyar gero ya san amfanin wannan. In tiya ta zama ɗaya, manomi da mai saye duk sun huta.

Na uku, hanyoyi. Ya yaƙi ƴan fashi, ya zuba dakaru a wuraren tsoro. Fatake da manoma suka samu tafiya cikin kwanciyar rai. Kasuwanni suka cika.

Na huɗu, addini da ilmi. Masallatan Gazargamu da can na kara ne da ciyawa. Ya sa aka gina su da tubali. Ya girmama malamai, yana neman shawararsu. Ya hana alfasha a fili. Almajirai daga ƙasar Hausa suka riƙa zuwa Barno neman karatun Alƙur'ani. Har yau in an ce almajiri ya tafi gabas, karatu ake nufi.

8. Waɗanda suka biya

Doki da bindiga ba kyauta ake samunsu ba. Babban abin da Barno ke kaiwa Turabulus shi ne bayi. Wani matafiyi da Turawa ke kira Liyo na Afirka ya rubuta, tun kafin zamanin Idirisa, cewa ana ba da bawa 15 ko 20 a bakin doki guda a Barno.

Bayin nan mutane ne, masu gida da gona da ƴaƴa. Yawancinsu an kamo su ne a yaƙi, daga garuruwan Sau da na kudancin tabki. Cikin yaƙe-yaƙen Mai Idirisa an kashe maza da yawa, an kwashe mata da yara. Da yawa sun mutu da ƙishirwa a hanyar hamada. Kwanciyar ran da talakan Gazargamu ya samu, wasu ne suka biya ta da ƴancinsu. Mai karatun tarihi ya kamata ya riƙe wannan tare da wancan.

9. Rasuwarsa

Mai Idirisa ya rasu a fagen yaƙi, kudu da tabkin Cadi, wajen shekara ta 1596. Aka rufe shi a bakin tabkin Alau, kusa da inda Maiduguri take yanzu. Shi ya sa bayan rasuwarsa ake ce masa Alauma.

Ƴaƴansa uku sun yi sarauta bayansa, ɗaya bayan ɗaya. Bindigogin da ya tara sun lalace, aikinsu ya ja baya a rundunar Barno. Zumuncin Santambul da na Marrakish ya yi sanyi. Amma alƙalai, da makarantu, da kasuwanni sun ɗore. Gazargamu ta zauna babban birnin ilmi da ciniki har 1808, lokacin da mayaƙan jihadi suka ci ta. Gidan Saifawa kuwa ya riƙe sunan sarauta har 1846.

Kalmomi

Mai: sarkin Barno.
Kagara: gini mai ƙarfi inda mayaƙa ke fakewa.
Mubaya'a: alkawarin biyayya ga shugaba.
Albarushi: garin da ake ɗura wa bindiga.
Santambul: babban birnin Turkawa a wancan zamani.

Tambayoyi

1. Wane ne Ari, kuma wane ne Akazama?
2. Me ya sa hanyar Bilma da Fazan take da muhimmanci ga Barno?
3. Me Mai Idirisa ya nema wurin Muradu? Me ya samu, me aka hana shi?
4. Wane sharaɗi Almansur ya kafa?
5. Me ya faru a Tondibi a shekara ta 1591?
6. Ku faɗi gyare-gyare huɗu da Mai Idirisa ya yi cikin ƙasarsa.
7. Su wa suka sha wahala a zamaninsa? Don me?

Aiki

Ku zana taswira. Ku sa Dogon Dutsi, da Difa, da Bilma, da tabkin Cadi, da Gawo. Ku ja hanyar ayari daga tabkin Cadi zuwa Turabulus.

Ran kasuwa, ku auna tiyar masu hatsi biyu ko uku da gwangwani guda. Ku rubuta abin da kuka samu, ku kawo aji.