Paul Cuffe: Ɗan bawan da ya mallaki jiragen ruwa

A birnin New Bedford na jihar Massachusetts a Amurka akwai gidan tarihi da aka kafa a 1903 domin adana tarihin farautar wel, wato dabbar nan da ta fi kowacce girma a teku. A gefensa akwai wani dandali mai ɗauke da sunan Paul Cuffe.

An haifi Cuffe ne ranar 17 ga Janairun 1759 a tsibirin Cuttyhunk. Mahaifinsa, Kofi, bawa ne da aka kamo daga ƙasar Ashanti, a Ghana ta yanzu, daga baya ya samu 'yanci. Mahaifiyarsa, Ruth Moses, 'yar ƙabilar Wampanoag ce, mutanen asali na yankin.

Yana da shekara 14 ya fara shiga jirgin farautar wel. A wancan zamani, kafin zuwan kananzir, da man wannan dabba ake kunna fitilu, don haka sana'ar na da riba, kuma tana cikin 'yan ƙalilan da ake ɗaukar baƙar fata.

Sannu a hankali ya fara gina nasa jiragen, har ya zama ɗaya daga cikin baƙaƙen fata mafiya arziki a Amurka.

Sai dai dukiya ba ta ba shi 'yancin zaɓe ba. A 1780 shi da ɗan'uwansa John suka kai koke majalisar jihar, suna ƙorafin karɓar haraji daga mutanen da aka hana jefa ƙuri'a.

Daga bisani hankalinsa ya karkata ga nahiyar mahaifinsa. A 1811 ya tuƙa jirginsa mai suna Traveller zuwa Freetown a Saliyo, da nufin bunƙasa cinikin halal da zai maye gurbin fataucin bayi.

A Disamban 1815 ya sake tashi ɗauke da baƙaƙen fata 38 da suka zaɓi komawa Afirka, ya biya mafi yawan kuɗin tafiyar daga aljihunsa. Sun isa a Fabrairun 1816.

Shirin ya raba kan baƙaƙen fatar Amurka. Da yawa na ganin ƙasar da kakanninsu suka gina da guminsu tasu ce, ba za su bar ta ba.

Cuffe ya rasu ranar 7 ga Satumban 1817 a garin Westport, bai samu sake komawa Saliyo ba.