Waliyyi Faransis na Asisi: Bawan Allah da Ya Shiga Sansanin Sarkin Masar Ba Makami

Kowace ranar 4 ga Oktoba Ikilisiya takan tuna da Waliyyi Faransis na Asisi. Yawancinmu mun san shi da zaman talauci da tausayin halittun Allah. Amma akwai wani sashe na rayuwarsa da ya fi shafarmu, mu mazauna ƙasar Karaye da Rogo, inda Kirista da Musulmi sukan fito daga tsatso ɗaya, su ci kasuwa ɗaya, su yi gayya a gona ɗaya.

An haife shi a garin Asisi na ƙasar Italiya wajen shekara ta 1182, ɗan wani attajiri mai fataucin tufafi. Zamanin kuwa na yaƙe-yaƙen gicciye ne. Tun a 1095 Paparoma Urban na II ya kira Kiristocin Turai su ƙwato Urushalima daga hannun Musulmi. Sun ci birnin a 1099, suka zubar da jinin Musulmi da Yahudawa masu yawa. A 1187 Sarki Salahuddini ya sake karɓe shi.

Faransis ya tashi da burin zama jarumi. A 1202 ya shiga yaƙin da garinsu ya yi da Ferujiya, aka kama shi, ya yi wajen shekara guda a kurkuku, ya fito da ciwo. Daga baya Allah ya juya zuciyarsa. Ya rabu da dukiyar mahaifinsa, ya koma hidimar kutare da gyaran majami'un da suka rushe. A 1209 Paparoma Inosent na III ya amince da ƙungiyarsa ta Ƙananan 'Yan'uwa.

A 1219 rundunar Kirista tana kewaye da birnin Damiyata a bakin kogin Nilu. Faransis ya isa can, ya ga gawawwakin da gumurzun ƙarshen Agusta ya bari. Da aka ɗan tsagaita wuta, sai ya ɗauki abokinsa Iluminato, suka ƙetare zuwa sansanin Musulmi, ba takobi, ba garkuwa. Aka kai su gaban Sarki al-Malik al-Kamil, ɗan ɗan'uwan Salahuddini. Faransis bai ɓoye nufinsa ba: bisharar Yesu ya zo shaidawa, ko da za ta kai shi ga rasa rai. Sarkin ya saurare shi, ya karɓe shi baƙo na wasu kwanaki, sa'an nan ya sa aka raka shi lafiya.

Kada mu ƙara wa labarin gishiri. Sarkin bai bar Musulunci ba, Faransis bai bar bangaskiyarsa ba, yaƙin kuma bai tsaya ba. Damiyata ta faɗi a Nuwamba na wannan shekara. A 1221 ambaliyar Nilu ta rutsa da rundunar Kirista, ta miƙa wuya, kuma al-Kamil ɗin nan ne ya aika wa mayaƙan da abinci suna cikin yunwa.

A wannan shekara ta 1221 Faransis ya rubuta wa 'yan'uwansa ƙa'idar zama cikin Musulmi. Ya nuna musu hanya biyu. Ta fari, su guji gardama da jayayya, su ƙasƙantar da kansu ga kowane mutum saboda Allah, amma kada su ɓoye cewa su Kirista ne. Ta biyu, su yi shelar Maganar Allah sa'ad da suka ga Ubangiji ya buɗe ƙofa. Ya rasu ranar 3 ga Oktoba 1226, aka ɗaga shi waliyyi a 1228.

Mulkin mayaƙan gicciye a Ƙasa Mai Tsarki ya ƙare da faɗuwar birnin Akka a 1291. Amma almajiran Faransis, waɗanda ba su riƙe makami ba, su aka danƙa wa kula da wurare masu tsarki a 1342, kuma har yau suna can.

Tabon waɗannan yaƙe-yaƙe ya iso har ƙasarmu. A Oktoba 1991 an yi asarar rayuka da yawa a Kano saboda taron wa'azin Reinhard Bonnke, taron da a Turance ake kira da sunan yaƙe-yaƙen nan. Kalmar da wani ya ɗauka wa'azi, maƙwabcinsa ya ji ta kamar gangar yaƙi.

Ikilisiya ta zaɓi sawun Faransis. A Asisi ne Paparoma Yohanna Bulus na II ya tara shugabannin addinai domin addu'ar salama a 1986, a 2000 kuma ya roƙi gafarar Allah saboda zaluncin da Kirista suka yi da sunan gaskiya. A 2019, shekara 800 bayan Damiyata, Paparoma Faransis da Shehun Azhar, Ahmad al-Tayyib, suka sa hannu a kan takardar 'yan'uwantaka a Abu Dabi.

'Yan'uwa, ba sai mun je Masar ba. Tafiyar tamu daga ƙofar gidanmu ce zuwa zauren maƙwabci, ranar suna, ranar ta'aziyya, da ranar da jita-jita ta tashi. Mu je da ladabi, mu tsare harshenmu, kada kuma mu ji kunyar sunan Almasihu.

Waliyyi Faransis na Asisi, ka yi addu'a dominmu.