Marigayi Mai Shari'a Muhammadu Bello: Yadda Ɗan Muftin Katsina Ya Koyi Aikin Lauya

Duk wanda ya saba tashi daga nan Doguwa zuwa birnin Kano, ya ratsa dajin Falgore, ya wuce Tudun Wada, ya san Bagauda a ƙasar Bebeji. A can ne reshen Makarantar Horon Lauyoyi ta Nijeriya ya ke, cikin gine-ginen da dā masaukin baƙi ne a bakin tafki. Samari da 'yammata da suka gama karatun shari'a a jami'a su kan zo nan su yi kamar shekara guda, a tsakani a tura su kotuna da ofisoshin manyan lauyoyi su ga yadda a ke aikin da hannu, sa'an nan a kira su lauyoyi. Sau da yawa malaman makaranta su kan tambaye ni amfanin wannan shekara, tun da yaro ya riga ya sami digirinsa. Ban ga amsar da ta fi ba da labarin marigayi Muhammadu Bello ba, mutumin Arewa na farko da ya zama Babban Jojin Nijeriya, don ya koyi aikin lauya tun babu makarantar koyonsa ko ɗaya a ƙasar nan.

An haifi Muhammadu Bello a birnin Katsina cikin 1930. Mahaifinsa, Malam Gidado, shi ne Muftin Katsina, watau yaron ya buɗe ido a gidan da a ke maganar hukunci safe da yamma. A majalisar alƙali, mufti shi ne malamin da ke zaune kusa da alƙali, ya duba littattafan fiƙihun Malikiyya, ya taimake shi da fatawa, kuma alƙalai da yawa ta wannan kujera suka bi kafin a naɗa su. Ashe ke nan ƙasar Hausa ta san zaman koyon shari'a a gaban babba tun kafin zuwan Turawa. Ba a ba mutum alƙalanci don ya haddace littafi kaɗai, sai an ga ya daɗe yana kallon yadda a ke sauraron mai ƙara da wanda a ke ƙara, da yadda a ke tace shaidu.

Ya yi Elementare da Midil a Katsina, sa'an nan ya tafi Kwalejin Kaduna, wadda aka mayar Zariya cikin 1949, ita ce yau a ke kira Barewa. A wancan zamani wanda ya fita daga wannan kwaleji hanyoyinsa sanannu ne: koyarwa, ko aikin En'e, ko asibiti, ko gona da daji, ko kamfani. Aikin lauya ba ya cikin lissafi. Mutanen Kudu kuwa sun yi nisa ƙwarai. Sapara Williams, lauyan Nijeriya na farko, tun 1879 aka kira shi lauya a Ingila, ya kama aiki a Ikko cikin 1888. Jihar Arewa ba ta sami nata na farko ba sai 1955, shi ne Abdulganiyu Abdulrazaƙ mutumin Ilori. Shekara 76 ke nan tsakani.

Kada mai karatu ya ɗauka lalaci ne ya jawo wannan. Dalili shi ne ba a yarda lauya ya tsaya a kotun alƙali ko majalisar Sarki ba, alhali a nan ne a ke yanke mafi yawan shari'un Arewa. Har kotunan lardi na zamanin Gwamna Lugga, inda Razdan ke zaman joji, an hana lauyoyi shiga, sai da aka soke su cikin 1933. Wanda ke son ɗansa ya yi shari'a sai ya kai shi wurin malamai, ko Makarantar Shari'a ta Kano da aka buɗe cikin 1934 zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, da malaman da aka ɗauko daga Sudan. Ban da haka, talaka yana ganin lauya mutum ne da a ke biya ya mai da gaskiya ƙarya, ba uban da zai so a ce ɗansa ne.

Da aka soma maganar mulkin kai sai ido ya raina fata. Tsarin mulki na 1954 ya ba kowace Jiha Babbar Kotunta da ofishin lauyoyinta, ga shi Arewa ba ta da ɗan ƙasa da zai hau waɗannan kujeru. Tun kafin wannan Gwamnatin Jihar Arewa ta hangi abin, ta zaɓi waɗansu samari ta biya musu kuɗin karatu. Cikinsu akwai Muhammadu Bello, da Mamman Nasir, shi ma mutumin Lardin Katsina, da Buba Arɗo daga Adamawa. Amma kafin a kai su Ingila sai da aka tura su Kwalejin Jami'a ta Badun su koyi Latin, harshen Rumawan dā, domin dokar Rumawa tana cikin jarrabawar lauyoyin Ingila, kuma kalmomin shari'arsu da yawa da wannan harshe su ke. Ɗan mufti, wanda ya taso yana jin Larabcin fiƙihu a zauren ubansa, ga shi ya koma ɗan koyo a harshe na huɗu.

Yadda a ke zama barista a Ingila a wancan zamani abin mamaki ne ga wanda bai sani ba. Akwai tsofaffin ƙungiyoyin lauyoyi huɗu a London, kowace da gidanta da ɗakin karatunta da babban zauren cin abinci: Lincoln's Inn, da Inner Temple, da Middle Temple, da Gray's Inn. Su kaɗai ke da ikon kiran mutum barista. Muhammadu Bello Lincoln's Inn ya shiga. A lokacin ɗalibi zai ci jarrabawa kashi biyu, sa'an nan wajibi ne ya halarci cin abincin dare a zauren gidansa sau ƙayyadadde a kowane zango, har ya cika zangunan da aka yanka masa. In ya ci jarrabawa bai cika cin abinci ba, ba za a kira shi ba. Asalin abin shi ne ƙarami ya zauna da manya ya ji hirarsu, ya koyi ladabin sana'a. Har yau ɗaliban Makarantar Horon Lauyoyi ta Nijeriya su kan ci irin wannan abinci sau uku kafin a kira su. Cikin 1956 aka kira Muhammadu Bello barista.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Jarrabawar nan ta littafi ce zalla. Ba ta koya wa mutum yadda zai yi wa shaida tambayoyi, ko yadda zai tsara takardar ƙara, ko lokacin da ya kamata ya yi shiru a gaban joji. Ɗan Ingila da ke nufin yin aikin sai ya nemi wani gogaggen barista ya zauna a ofishinsa shekara guda, yana karanta takardun shari'unsa, yana bin sa kotu. A wancan lokaci ba a biyansa ko anini, shi ne ma zai biya maigidan gini ɗari, watau fam 105. Ɗaliban Afirka kaɗan ne ke da wannan kuɗi, kaɗan ne kuma ke samun mai karɓarsu. Galibi da an kira mutum sai ya shiga jirgin ruwa ya komo gida da hular gashi da baƙar riga, bai taɓa buɗe baki a kotu ba. Abin da ya ƙara tsananta al'amarin, a Ingila aikin lauya kashi biyu ne: barista mai tsayawa gaban joji, da lauyan ofis mai rubuta takardun ciniki da wasiyya da jingina. A Nijeriya mutum ɗaya ke yin duka biyun, ga shi rabi kaɗai ya karanta. Dokar da ya karanta ɗin ma ta Ingila ce, babu gādo na Musulunci a ciki, babu dokar ƙasa ta Arewa.

Ɗan Ikko da ya komo yana iya samun kawu ko abokin uba mai ofishin lauya ya raɓa da shi. Ɗan Katsina fa, wurin wa za shi? Ƙofa ɗaya ce a buɗe, ita ce ofishin Babban Lauyan Gwamnatin Jihar Arewa a Kaduna, wanda Bature ne, Mista H. H. Marshall, ke riƙe da shi. Nan aka ɗauki Muhammadu Bello cikin 1956 a matsayin Lauyan Gwamnati mai koyon aiki. A ganina wannan ita ce makarantarsa ta gaskiya, kuma ya fi takwarorinsa na Ingila sa'a ta fuska ɗaya, don shi ana biyansa albashi yana koyo.

Aikin mai wannan muƙami ba na nuna kai ba ne. 'Yan sanda za su aiko da takardun bincike, ya karanta ya ce ko shaidar ta isa a kai mutum gaban joji ko ba ta isa ba. Ya tsara tuhuma, babba ya duba ya gyara masa da jan alƙalami. Ya bi Babbar Kotu in ta fita rangadi larduna, da fari yana ɗauke da littattafan wani, daga baya a sakar masa ƙananan shari'u, har a kai ga na kisan kai. Ma'aikatun Gwamnati su aiko da tambaya, ya rubuta shawara. Duk akawun da ya taɓa zama ƙarƙashin tsohon magatakarda ya san irin wannan horo, ya kuma san ɗacinsa.

Shekarun nan da ya yi yana koyo sun zo daidai da lokacin da shari'ar Arewa ke cikin ruɗani mai girma. Tun 1947, a shari'ar Tsoho Gubba, majalisar Sarkin Gwandu ta yanke wa mutum hukuncin kisa bisa fiƙihun Malikiyya, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta rushe hukuncin, domin a dokar Turawa wanda aka tunzura ya yi kisa ba a kashe shi. Laifi ɗaya, hukunci biyu, ya danganta ga kotun da aka kai mutum. Cikin 1958 Gwamnatin Sardauna ta kira masana shari'a, shugabansu Sayyid Muhammad Abu Rannat, Babban Jojin Sudan, tare da Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan, da Farfesa Anderson na London, da 'yan ƙasa uku, ciki har da Shettima Kashim. Shawararsu ta haifi dokar Final Kod ta 1959, wadda aka tsara bisa ta Sudan, ta soma aiki ran 30 ga Satumba, 1960, jajiberin samun mulkin kai. Aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, aka yi ta kai alƙalai kwas a Makarantar Koyon Mulki ta Zariya. Saurayin da ke zaune a ofishin da waɗannan al'amura ke bi, ga fiƙihu a gida ga dokar Ingila a ka, ya ga abin da babu wani ofishi a London da zai nuna masa.

Shekara biyar ya yi kafin a ba shi kujerar kansa. Cikin 1961 aka naɗa shi Babban Majistare, a shekarar da abokin tafiyarsa Mamman Nasir ya zama Ministan Shari'a na Jihar Arewa. Ya je Jami'ar Harvard a Amurka ya ƙaro ilmi, cikin 1964 ya zama Darektan Gabatar da Ƙararraki na Jihar, cikin 1966 ya zama Jojin Babbar Kotu. Mai lura zai ga wannan hanya ta Gwamnati joji ta ke haifarwa, ba lauya mai zaman kansa ba. Mamman Nasir ya ƙare a Shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, Buba Arɗo a Babban Jojin Jihar Gongola. Arewa ta sami manyan joji da wuri, amma talakan da ke neman lauya ɗan garinsu mai jin harshensa ya daɗe yana jira. Wannan ita ce hasarar da ke cikin ribar.

Wahalar da su Muhammadu Bello suka sha ba ta tafi a banza ba. Cikin 1959 Gwamnatin Tarayya ta naɗa kwamitin Mista Unsworth ya duba horon lauyoyi, shawararsa ta kai ga dokar 1962 da ta kafa Makarantar Horon Lauyoyi. An buɗe ta a titin Igbosere a Ikko cikin Janairu 1963 da ɗalibai takwas, kwas ɗin wata uku ne kacal, daga baya ya koma shekara. Zariya ma ta soma shirya samari su ci kashin farko na jarrabawar barista a gida. Ɗaya daga cikin waɗanda suka bi ta nan shi ne Muhammadu Lawal Uwais, wanda ya kama koyon aikin Lauyan Gwamnati cikin 1964, shekarar da Bello ya zama Darekta.

Cikin 1975 aka ɗaga shi zuwa Kotun Ƙoli. Yana cikin joji bakwai da suka saurari ƙarar Cif Awolowo a kan zaɓen Alhaji Shehu Shagari cikin 1979, wadda ta rataya a kan ƙuri'un Jihar Kano da lissafin kashi biyu bisa uku na jihohi 19, yana kuma cikin masu rinjaye da suka tabbatar da zaɓen. Cikin 1987 ya gaji Mai Shari'a Ayo Irikefe a kujerar Babban Jojin Nijeriya. Shekarunsa takwas a kanta kusan duka ƙarƙashin mulkin soja ne, lokacin da dokokin soja ke ɗaure wa kotuna hannu, kuma bai tsira daga bakin mutane ba. Akwai masu ganin kotunsa ta cika sassauta wa masu mulki, su kan ce wanda ya girma a ofishin Gwamnati da wuya ya ɗaga mata murya. Ni dai ina ganin akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma ba dukanta ba ce. Cikin 1995, da ƙarar Cif Abiola ta zo gabansu, aka tuna musu cewa shi da waɗansu joji suna ƙarar jaridar Abiola a kan ɓata suna, sai suka janye daga shari'ar, ba su yarda su zama alƙalan abokin husumarsu ba.

A wannan shekara ta 1995 ya cika 65 ya ajiye aiki, Uwais ya gaje shi. Allah ya yi masa rasuwa ran 4 ga Nuwamba, 2004. Allah ya ji ƙansa, ya gafarta masa.