Marigayi Rabilu Musa Ibro: Ganduroban Da Ya Zama Sarkin Ban Dariya

Duk ɗan Arewa mazaunin Fatakwal ko Anacha ko Inugu, in dai ya kai shekara talatin da haihuwa, da wuya a ce bai san Ibro ba. A zamanin kaset ɗin bidiyo, motocin da ke sauke albasa da shanu da awaki a bakin gadar Anacha, da Garikin Inugu, da Oyigbo ta kusa da Fatakwal, su ne kuma ke zuwa da sababbin finafinansa daga kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano. In dare ya yi aka tashi daga kasuwa, sai a taru wurin mai shayi a kunna, a yi ta dariya har a mance da nisan gida. Yau fiye da shekara goma ke nan da rasuwarsa, amma samari na ta tura wa juna guntayen wasanninsa ta wayar hannu. Abin lura shi ne, waɗansu finafinan nasa har gobe suna sa mutum ya riƙe ciki, waɗansu kuwa ko murmushi ba sa sawa. Tarihin rayuwarsa zai nuna wa mai karatu dalili.

An haifi Rabilu Musa ran 12 ga watan Disamba, 1971, a garin Ɗanlasan wanda yanzu ke cikin Ƙaramar Hukumar Warawa ta Jihar Kano. A nan Ɗanlasan ya yi firamare, sa'an nan ya wuce Makarantar Horon Malamai ta Wudil. Cikin 1991 ya shiga aikin ganduroba, watau ma'aikacin gidan yari, ya yi wajen shekara takwas yana wannan aiki kafin ya ajiye, ya rungumi wasan kwaikwayo gaba ɗaya. Wanda ya tashi a ƙauye, ya kuma yi shekaru yana tsaron ɓarayi da 'yan damfara da waɗanda bashi ya kai su ɗauri, ai ya ga halin ɗan Adam iri iri, kuma wannan sani ya bayyana sosai cikin wasanninsa.

Ba Ibro ne ya fara sana'ar ban dariya a ƙasar Hausa ba. Tun kafin zuwan silima akwai 'yan kama, waɗanda kan kwaikwayi karatun malamai su juya shi ya koma zancen tuwo da miya. Akwai wawan sarki a fada, akwai kuma wasannin Tashe na watan azumi. Da rediyo da talabijin suka zo, sai aka sami su Usman Baba Pategi na Samanja Mazan Fama, da Kasimu Yero na Karambana, da Karkuzu na Bodara a Jos. Cikin 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fito da Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin fim ɗin Hausa na farko na kaset da aka kai kasuwa. Daga nan sana'ar ta rabu gida biyu: ga finafinan soyayya masu rawa da waƙa irin na Indiya, ga kuma na ban dariya waɗanda ake kira camama. Ibro ya shigo wajen ƙarshen shekarun 1990, kuma 'Yar Mai Ganye na cikin finafinan da suka fara fito da sunansa. Kafin a jima ya zama shi ne jagoran camama, tare da abokan wasa irin su Ciroki da Baba Ari da Daushe.

Dabararsa mai sauƙi ce. Suna ɗaya yake amsawa a kusan kowane fim, watau Ibro, sai dai a liƙa masa wani laƙabi a baya. Mutumin da yake kwaikwayo kuwa kowa ya san irinsa a unguwarsu: talaka mai dogon buri, ga kwaɗayi, ga cika baki, ga tsoro. Zai yi ƙarya don ya ci tuwon banza, ƙaryar ta haifi wata, har asiri ya tonu a bainar jama'a. Zai yi wa matarsa barazana, ta ɗaga murya ya nemi hanyar fita. Da doguwar jar hularsa, da yadda yake zare ido in an ritsa shi, da irin tafiyarsa, kafin ya buɗe baki ma an fara dariya.

To, irin waɗannan wasanni su ne ba su tsufa ba. Dalili kuwa shi ne, kwaɗayi da tsoro da fankama da gudun mai bin bashi ba su da yayi. Yadda suke a zamanin kakanni haka suke yau, kuma yadda suke a Wudil haka suke a Fatakwal. Mai kallo yana dariya ne don ya gane maƙwabcinsa, wani lokaci ma kansa ya gane. Haka abin yake a sauran duniya. Charlie Chaplin, Baturen Ingila wanda aka haifa cikin 1889 ya mutu cikin 1977, ya yi wani fim cikin 1925 inda yunwa ta sa ya dafa takalminsa ya zauna yana ci cikin natsuwa sai ka ce gasasshiyar kaza. Babu magana a fim ɗin, amma shekara ɗari ke nan ana dariya, domin babu ƙasar da ba a san yunwa da ƙarfin hali ba. Har yau Hausawa masu kallon silima kan kira ɗan ban dariyar fim cali-cali. Mazauna Inugu da Anacha kuma sun ga misali a ƙofar gidansu, watau Aki da Pawpaw, waɗanda suka yi suna tun 2002. Guntayen wasanninsu sun zaga duniya wajen mutanen da ko kalma ɗaya ta Ibo ba sa ji.

Amma fa kasuwar camama ba ta jira. Fim ne mai araha, ana ɗaukarsa cikin 'yan kwanaki, kuma 'yan kasuwa na son sabo kullum. Saboda haka duk abin da ake yayi sai Ibro ya hau kansa. Da kiɗan Awilo Longomba na ƙasar Kwango ya cika Nijeriya, sai ga Ibro Awilo. Bayan harin da aka kai Amurka ran 11 ga Satumba, 2001, sai ga Ibro Usama cikin 2002. Da Amurka ta auka wa Iraƙi cikin 2003, sai ga Ibro Saddam. A lokacinsu waɗannan finafinai sun yi kasuwa ƙwarai, domin zancen da ke bakin kowa ne. Yau kuwa yaron da aka haifa bayan 2005 bai san rawar Awilo ba, balle ya gane abin da ake kwaikwayo. Sai an tsaya an yi masa bayani, abin dariya kuwa in sai an yi bayaninsa, to, ya riga ya huce. Irin wannan wasa kamar ƙosai yake, da zafinsa ake ci.

Akwai kashi na uku, wanda ya fi shafar masu karanta wannan fili. Finafinan camama da yawa sun dogara ne kan kwaikwayon bakin wata ƙabila: yadda Bafulatani ko Bagwari ko Bayarabe ko ɗan Ibo ke gurɓata Hausa. Gaskiya ne akwai wasan barkwanci na gargajiya tsakanin Fulani da Barebari, da Kanawa da Zagezagi, da Gobirawa da Yarbawa, amma wannan wasa na ba ni in ba ka ne, kowa na da damar ramawa. A fim kuwa gefe ɗaya ke magana. Ɗan Arewa da ya zauna Kudu ya ɗanɗana wannan da kansa, domin ya ga yadda finafinan da ake sayarwa a Titin Iweka na Anacha suka daɗe suna nuna shi: maigadi mai gyangyaɗi a bakin ƙofa, wanda ba ya jin Turanci, kuma ba shi da suna sai aboki. Wanda aka yi wa haka, in ya koma kallon tsohon fim ɗin da ake yi wa baƙo dariya don harshensa ya karye, sai ya ji dariyar ta ƙi fita. Ga shi kuwa shi ma kullum yana fama da yaren mutane a kasuwa.

Sana'ar ta jawo wa Ibro wahala. Jihar Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai cikin 2001, kuma cikin 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, aka naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim ya shugabance ta, aka tsananta doka a kan 'yan fim. Cikin watan Oktoba, 2008, kotun tafi-da-gidanka ta yanke wa Ibro ɗaurin wata biyu a kan fim ɗin Ibro Aloko, bisa tuhumar sakin fim ba da iznin hukuma ba. Ikon Allah, wanda ya yi shekaru yana riƙe da mabuɗin kurkuku, sai ga shi an kulle shi a ciki. Da ya fito bai bar sana'arsa ba, ya ci gaba da wasa, farin jininsa kuwa bai ragu ba.

Daga baya ciwon ƙoda ya kama shi, ya yi ta jinya. Allah ya yi masa rasuwa ran 10 ga watan Disamba, 2014, saura kwana biyu ya cika shekara 43. Labarin ya girgiza Hausawa a ko'ina suke, daga Kano har zangon Kudu da Jamhuriyar Nijar. Bayansa su Bosho da sauransu sun ci gaba da riƙe camama, amma har yanzu da Ibro ake auna duk wani sabon ɗan ban dariya.

Matasa masu ɗaukar wasan ban dariya da wayar hannu, waɗanda yanzu suka yi yawa har a unguwannin Hausawa na Kudu, ya kamata su duba abin da lokaci ya yi wa aikin wannan bawan Allah. Ya tankaɗe shi kamar gari a rariya. Abin da ya yi don yayi ya tafi tare da yayin, abin da aka yi don muzanta baƙo ya zama abin jin nauyi, abin da ya yi a kan halin ɗan Adam kuwa shi ne 'ya'yan da ba su taɓa ganinsa da rai ba suke kallo suna ƙyaƙyatawa.

Allah ya ji ƙan Rabilu Musa, ya gafarta masa kurakuransa, ya albarkaci abin da ya bari. Amin.